LABARIN KOFIN JOJIYAN DA DAWAKIN DA KE ƊAUKO SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobin hawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk dattijon da ya tashi a Birnin Tudu, ko Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya riski zamanin da ake gane gidan mai hali da turken da ke ƙofarsa. Hakimi na da barga, attajiri na da ingarma, malamin da ya shahara ma ba ya rasa ɗan ƙurun da wani almajirinsa ya kawo masa hadiyya. Yau babur ya karɓe wannan aiki, har ya zama ba a cika ganin doki da sirdi ba sai ran Salla ko ran naɗin sarauta. Amma duk da haka akwai wani kofin azurfa a Kaduna wanda tun shekarar 1919 mazaje ke jayayya a kansa bisa bayan dawaki, har aka yi bikin cikarsa shekara ɗari a 2019. Sunansa Kofin Jojiyan, daga Joji, sunan da sarakunan Ingila da dama suka ɗauka. Kofin bai sake ba tun ran da aka fara ajiye shi, amma hannuwan da ke ɗaukarsa sun sake har sau uku, dawakin da ke kai su gare shi su ma sun sake. Wannan sakewa ta ƙarshe ita ce ta shafi fatake, ita ce kuwa dalilin kawo labarin.

Wasan da ake yi domin kofin shi ne holo, watau ƙwallon dawaki. Mutum huɗu ne a kowane gefe. Tsawon filin yadi 300, faɗinsa yadi 160 in an kafa masa katako a gefuna, a kowace kusurwa ta tsawon kuwa an kafa sanduna biyu da tazarar yadi 8 a tsakaninsu, nan ake son ƙwallo ta bi. Sandar bugun doguwa ce mai lanƙwasa, kanta guntun itace kamar guduma, ba a kuwa yarda a riƙe ta da hagu ba, ko da mutum bahago ne, domin kada mahaya biyu su yi karo gaba da gaba. Ana yin wasan zango zango, kowane zango minti 7, domin doki ba ya iya jure wannan irin gudu da tsayawar farat ɗaya da juyawa fiye da haka. Da zango ya ƙare sai mahayi ya sauka ya hau wani. Saboda haka ƙungiya ɗaya takan zo babban wasa da dawaki ashirin ko fi, kowanne da mai yi masa ciyawa da mai wanke shi. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin kome na tarihin holo a kansa ya rataya. Har wa yau kowane ɗan wasa ana aza masa awo gwargwadon gwanintarsa, daga biyu ƙasa da sifiri har zuwa goma, ana tara awon mutum huɗun a san ajin da ƙungiyarsu za ta shiga. Kofin Jojiyan na ajin sama ne.

Mutane da yawa suna zaton wasan Nasara ne tun asalinsa. Ba haka ba ne. Daga ƙasar Farisa ya fito tun kafin zuwan Musulunci, Larabawa suka karɓe shi suna kiran sandarsa saulajan, halifofin Bagadaza da sarakunan Sham da Masar suka yi shi a filayen fadarsu. Ibnul Asir ya kawo labarin Sarki Nuruddini ɗan Zanki, mai Halab da Dimashƙa, wanda ya rasu a 569 ta Hijira, watau 1174. Shi mutum ne da aka shaida da tsentseni da adalci, amma yana son wasan nan ƙwarai. Sai wani bawan Allah mai zuhudu ya aika masa da takarda yana zarginsa da wargi da wahalar da dawaki ba tare da wata fa'ida ta addini ba. Nuruddini ya mayar masa da amsa cewa ba nishaɗi ya kai shi ba, su masu tsaron kan iyaka ne, maƙiyi na kusa, ba kuwa kullum ake yaƙi ba, in aka bar dawaki a turke sai su yi teɓa su mance saurin juyawa, ranar da aka buƙace su a rasa. Wasan kuma yana da haɗari tun can, domin Kuɗubuddini Aibak, sarkin Musulmi na farko a Dilli, a filinsa ya faɗi da doki ya rasu a Lahor a 1210.

A ƙasar Hindu ɗin Turawan Ingila suka tsince shi, wajen mutanen Manifur. Suka kafa kulob na farko a Silcar a 1859, bayan shekara goma sojan dokinsu suka kai shi Ingila, aka rubuta masa dokoki a Landan. Daga nan ya biyo su duk inda tutarsu ta je. Ya sauka Ikko a 1904. Sarkin Jamus Wilham na biyu ma ya ba da kofi a 1914 domin a riƙa karawa tsakanin Turawan Nijeriya da Jamusawan Kamaru, sai ga shi a cikin shekarar nan suka kara da bindiga maimakon sanda. Kofin nan shi ne aka sake wa suna Kofin 'Yancin Kai. Da aka ƙaurar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, hafsoshi suka kafa kulob ɗinsu a can a 1918, shekara ta zagayo aka fara buga Kofin Jojiyan. A wannan lokaci baƙin mutum ba shi da rabo a ciki sai riƙon linzami da goge sirdi. Amma dawakin da Turawan ke hawa na ƙasa ne, daga hannun dillalan Hausa da Barebari suke sayensu.

Wanda ya buɗe ƙofa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi sarauta daga 1906 har 1944. A shekarar 1921, daidai da 1339, ya tafi aikin Hajji ta hanyar Ingila, ya gana da Sarki Joji na biyar, yana tare da ɗansa Usman Nagogo, yaro ɗan shekara goma sha shida. Katsinawa suna danganta farkon holo a garinsu da wannan tafiya. Da ya komo ya sa aka share fili, ya hau da 'ya'yansa da yaran fada, ya tsaya a kansu har hannunsu ya faɗa.

Wajibi ne a tsaya a duba abin da ya sa Sarki kamar Dikko ya ba wasa wannan muhimmanci. Tun ran da Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi baya a Giginya cikin watan Maris, kowa ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi wa barade, ya tabbata aikin doki a fagen fama ya ƙare. Ga barga cike, ga Shamaki da zagage, ga samari 'ya'yan sarauta da aka koya wa hawa tun ƙafarsu ba ta kai likkafa ba, babu kuwa inda za a kai su sai hawan Salla. Hujjar da Nuruddini ya kawo ta faɗi, tun da babu sauran iyakar da aka bar wa sarakuna su tsare, amma cutar da ya ji wa tsoro tana nan, watau doki ya lalace a turke, mahayi ya lalace a zaure. Holo ya zama magani. Sa'an nan akwai wani abu kuma da ba a faɗa a fili a zamanin. Dokar wasan ta yarda mahayi ya haɗa kafaɗar dokinsa da ta abokin karawarsa ya ture shi daga kan ƙwallo. A duk faɗin Jihar Arewa babu wani wuri da ɗan ƙasa zai sa kafaɗa ya ture Baturen mulki, jama'a na kallo suna sowa, kuma a tashi a yi musafaha, sai a cikin yadi ɗari ukun nan.

Ba a daɗe ba ƙungiyar Katsina ta fara zuwa Kaduna tana ƙwace kofin daga hannun hafsoshin Turawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Jagoransu Nagogo ne. Masu holo har yau suna riwaitar cewa awonsa ya kai bakwai, matsayin da suke cewa wani ɗan ƙasar nan bai taka ba bayansa. Ya gaji mahaifinsa a 1944, ya zauna kan gadon har rasuwarsa a 1981, bai rabu da sha'anin holo ba, shi ne uban ƙungiyar holo ta Nijeriya duka. Filin Katsina sunansa yake ɗauke da shi, kuma cikin manyan kofunan da ake bugawa akwai wanda ake kira Kofin Sarkin Katsina. Ɗansa Sarki Muhammadu Kabir, wanda ya rasu a 2008, shi ma a kan sirdin holo ya girma, gidan kuwa bai saki abin ba har yanzu.

Abin lura shi ne duk wannan nasara a kan dokin ƙasa aka yi ta, ɗan Arewa, ɗan Asbin, ɗan Barno, ɗan Bahar. Doki ne gajere, ba shi da dogon taki, amma yana da juriyar rana da ƙishirwa, kofatonsa na da tauri har ba ya neman a sa masa ƙarfe, abincinsa dawa da dusa da harawa da ɗan jiƙon kanwa. Kowane sule da aka kashe a kan holo a zamanin nan a cikin ƙasa ya tsaya. Makiyayin da ya reni duƙushi ya samu, dillali ya ci la'ada, baduku ya ɗinka, maƙeri ya ƙera, mai harawa ya sayar.

Da Turawa suka tafi a 1960 sai wasan ya faɗa hannun sarakuna da hafsoshin soja da na 'yan sanda. A nan ma ɗan gidan Dikko ne a gaba, watau Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Nagogo, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya riƙe ragamar ƙungiyar holo shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1995. Filaye suka rayu a Kano da Zariya da Sakkwato da Jos da Yola da Maiduguri, ban da na Kudu.

Sa'an nan kuɗin man fetur ya zo, hannu na uku ya shigo, watau attajirai. Cikin na farkonsu akwai Alhaji Usman Dantata na gidan Alhassan Dantata, mai ƙungiyar Anadariya, wanda aka sa wa filin Kano sunansa. Daga baya ƙungiyar El-Amin ta Muhammad Babangida ta ɗauki Kofin Jojiyan fiye da sau goma, Adamu Atta kuma ya gina filayen Fifth Chukker a Kangimi kusa da Kaduna. Su waɗannan sun zuba dukiya, sun ɗaga darajar wasan, ba mai musun haka. Amma attajiri ba shi da haƙurin Sarki. Sarki na iya jiran duƙushi shekara biyar ya girma a bargarsa, domin yana ganin gidansa zai daɗe. Attajiri kuwa kofin bana yake so. Sai aka juya ga Ajantina, ƙasar da ta karɓi holo daga Turawan Ingila makiyaya, ta fi su iyawa, har ta ci zinariyarsa a wasannin Olimfik na 1924 da 1936. Aka riƙa sauke dawakinsu a jirgin sama, aka riƙa ɗauko gwanayensu da lada su zo su buga wa ƙungiya mako biyu su koma. Dokin Ajantina ya fi na ƙasa tsawo da nauyi da gudu, in suka haɗa kafaɗa ba a tambayar wanda zai kauce. Da ƙungiya ɗaya ta sayo, dole sauran su sayo ko su bar ajin sama. Ta haka dokin da Nagogo ya ci kofin a kansa ya fita daga filin kofin.

Mutanen Ajantina ba da sa'a suka kai haka ba. Sun haɗa irin dokinsu na daji da irin dokin sukuwa na Ingila, suna rubuta nasabar kowace goɗiya kamar yadda malamai ke tsare salsalar isnadi, goɗiyar da ta yi fice a fili ita ake nema wa zuriya. Abin har ya kai likitocinsu suna ɗaukar ƙwayar halitta daga jikin goɗiya guda su fitar da wasu masu kama da ita sak, da ikon Allah. A 2010 an yi gwanjon duƙusa guda irin wannan, kwafin wata shahararriyar goɗiya mai suna Kuwartetera, a kan dalar Amurka 800,000. A ƙasar Hausa kuwa al'ada ta bi wata hanya dabam. Namiji ba ya son a gan shi bisa goɗiya. Duk duƙushin da ya fito da kyau sai a kai shi birni a ɗaure a turke, ya tsufa bai bar baya ba, goɗiyoyi na ƙauye ana kai su ga duk dokin da ya sawwaƙa. Wanda ya yi shekara ɗari yana cinye zangarniyar da ta fi kyau yana shuka tsaba maras ƙwari, bai kamata ya zargi gona ba.

Malamai za su so a taɓa hukuncin kofi da kuɗin da ake ba wanda ya ci. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, Risala da Muhtasar, sun yi magana a kan tsere da lada, sun halatta shi a dawaki da raƙuma da harbi. Sharaɗin da aka fi tsayawa a kansa shi ne inda ladan ya fito. In wani ne dabam ya ajiye, kamar shugaba ko mai son alheri wanda ba ya cikin tseren, babu laifi. In ɗaya daga cikin masu tseren ne ya ajiye, to Imamu Malik ya yarda da shi muddin ba zai komo aljihunsa ba in shi ya ci. Amma kowa ya zuba nasa wanda ya ci ya kwashe, wannan ya shiga babin caca. Kofunan holo galibi irin na farko ne, Sarki ko banki ko kamfani ke ajiyewa. Sai dai littattafan nan tsere suka ambata, ba su ambaci ƙwallo ba, ko za a yi ƙiyasi ko ba za a yi ba, wannan na masu fatawa ne. Abin da ba ya buƙatar fatawa shi ne 'yan kallon da ke ƙulla kuɗi a bakin fili, da kuma wasan da ya ci lokacin La'asar.

Akwai wata ƙasa mai nisa da labarinta ya fara kamar na Katsina, ya ƙare dabam, ya kamata fatake su ji shi. A Japan wani Baturen Ingila mai fataucin ganyen shayi, Arthur Groom, ya kafa kulob na ƙwallon lambu, wadda Turawa ke kira golf, a kan dutsen Rokko kusa da birnin Kobe a 1903. Wasa ne na tafiya da ƙafa, ana bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Su ma can da fari 'yan ƙasa ba su da aiki sai ɗaukar jakar sanduna. A 1926 aka fara gasar gwanayen Japan masu cin abinci da wasan, wanda ya ci kuwa, Tomekichi Miyamoto, cikin yaran ɗaukar jakar nan na Rokko ya fito. A 1927 aka buɗe babbar gasar ƙasar ta kowa da kowa. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da su duka biyu shekaru, aka komo aka ci gaba, har yanzu ana yi. Inda suka bambanta da Nijeriya shi ne tun 1933 kamfanin Mizuno ya fara ƙera sandunan wasan a gida, maƙeransu suka ƙware har ya zama Turawa ke saye daga gare su. Ran da Hideki Matsuyama ya ci babbar gasar Masters a Amurka a 2021, yawancin sandunan da ke jakarsa na kamfanin ƙasarsu ne. Su sun fara da sayo kayan wasa daga waje suka ƙare da sayarwa. Holon Arewa ya fara da dokin gida ya ƙare da sayowa.

Ba a ce ƙofa ta rufe ba. Dokin Ajantina ba ya jin daɗin ƙasar nan. Zafi na wahalar da shi, cutar dawaki wadda ƙyashi ke yaɗawa da damina ta fi kama baƙon doki bisa ɗan gida, ga tsando da sammore ga wanda aka kai Kudu, ga tsadar dala da ke ƙara nauyi kowace shekara. Saboda haka ƙananan kofuna da na tsakiya har yanzu da dawakin Sudan da Cadi da Nijar ake buga yawancinsu, waɗanda ke shigowa ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa. Gwanayen ƙasa kuma ba su ƙare ba. Da yawa cikin masu buga wa attajirai da lada yau, a barga suka tashi suna yankan ciyawa, kamar yadda Miyamoto ya tashi da jaka a kafaɗa.

Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun tana da abin da kiwon doki ke so. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 akwai ruwan da zai ba da ɗanyar ciyawa da harawa har cikin bazara, lokacin da doki ke ramewa a wasu wurare. Abin da ya hana shi ne abin da ya hana kome, watau 'yan bindiga. Wanda ba shi da tabbacin saniyarsa za ta kwana ba zai ɗaure goɗiya mai tsada ba, kuma fatake ba su mance da 2021 ba, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi na wani lokaci, har kasuwar Talata ta yi shiru.

Ga wanda Allah ya ba hali da kwanciyar hankali ya so ya gwada, ya sani abin da mai holo ke nema ba shi ne abin da mai hawan Salla ke nema ba. Ba ruwansa da launi, ko kili ne ko akawal ko bidi duk ɗaya ne a wurinsa, ba ya kuwa son doki mai rawa da tsalle da haniniya. Ya fi son goɗiya ko dandaƙaƙƙe bisa ingarma. Yana duba gajeren baya, da faffaɗan ƙirji, da ƙafafu miƙaƙƙu marasa kumburi. Zai kaɗa sanda kusa da kunnenta ya ga ko za ta firgita. Daga nan sai ya buɗe bakinta, ya duba haƙora domin shekaru, ya duba dasashi da harshe, domin dabbar da aka horar da linzamin gargajiya mai ƙaya bakinta ya riga ya mutu, ba ta jin jan hannu mai sauƙi, irin wannan kuwa ko kyauta aka ba shi ba zai sa ta a mota ba.